Ina Iskar Da Ke Tura Jirgin Nan?

Mu malaman aikin hannu da kimiyya ne. Abin da za mu yi magana a kai zai yi wa wasu kama da wasan yara, amma muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi mu har ƙarshe kafin ya yanke hukunci.

A ranar ba da kyaututtuka ta bana, 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare sun jera ƙananan jiragen ruwa guda 11 a kan tebur a bakin babban ɗakin taro. Da karan dawa suka yi su, da totuwa, da tsinken tsintsiya, da ƙyallen tsofaffin rigunan makaranta. Iyaye suna wucewa suna yabawa. Sai ga wani dattijon ikkilisiya, wanda ya yi shekaru yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa kafin ya yi ritaya, ya tsaya gaban jirgin da muka ba lambar farko. Ya duba, ya sake dubawa, sa'an nan ya ce wa yaron da ya yi shi, "Ɗana, aikinka ya yi kyau. Amma gaya mini, daga ina iska take busowa?"

Yaron ya ce, "Baba, ban gane ba."

Dattijon ya ce, "Ga zanen jirginka ya kumbura ya yi gaba, ga tutarka kuma tana kaɗawa baya. Iska biyu ce a tekun naka?"

Mutane suka yi dariya, yaron ya sunkuyar da kai. Amma kunyar tamu ce, domin mu ne muka duba jirgin nan sau uku muka ba shi maki, ba wanda ya lura a cikinmu. Yaron ya sa tuta yadda ya saba gani a motar manya, inda gudun mota ke mai da ita baya. Jirgin da iska ke turawa daga baya kuwa, tutarsa gaba take nufa, wajen da iskar ta dosa.

Ra'ayinmu ke nan a taƙaice: aikin hannu darasi ne kamar lissafi, yana da daidai yana da kuskure, kuma ya kamata a riƙa auna shi da gaskiyarsa kafin a dubi kyansa. Muna kuma neman a mayar masa da lokacinsa a jadawalin darussa.

Tun da irin wannan jirgi baƙo ne a wajenmu, bari mu daidaita suna. Babban ƙyallen da ake ɗaurawa don iska ta tura jirgi, mu a aji muna ce masa zanen iska. Dogon itacen da ke riƙe da shi kuma muna ce masa jigo, kamar jigon ban ruwa da kakanninmu suka yi aiki da shi a fadama.

Ɗaliban da suka fito daga Wurno da Rabah da Goronyo sun san ruwa. Gulbin Rima ya ratsa ƙasar Goronyo da Wurno, Gulbin Sakkwato ya bi ta Rabah, su biyun kuma sun haɗu kusa da birnin Sakkwato. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Duk da haka, kwale-kwalen da suka tashi suka gani ba shi da zanen iska. Da gora ake tura shi, ko a tuƙa da filafili, ko a sa masa inji. Dalili kuwa a fili yake. Gulbinmu yana da lanƙwasa da yawa, da rani ruwa yakan janye ya bar yashi, kuma kwale-kwale ba shi da nauyi a ƙarƙashi da zai hana iska kifar da shi. Matuƙanmu sun zaɓi abin da ya dace da ruwansu.

A Masar lamarin dabam ne. Kogin Nilu yana gangarawa arewa, iska kuma galibi daga arewa take busowa. Saboda haka mai zuwa kudu sai ya buɗe zane iska ta kai shi, mai komawa arewa kuma ya naɗe zane ruwa ya ɗauke shi. A gaɓar gabashin Afirka, a Zanzibar da Lamu da Mombasa, jiragen fatake masu zane mai kusurwa uku sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa daga Oman da Indiya da iskar arewa maso gabas, wajen Nuwamba zuwa Maris, su koma da iskar kudu maso yamma bayan Afrilu. Ɗalibi ya lura da kyau: wannan ya yi kama da namu, hunturu daga arewa maso gabas, iskar damina daga kudu maso yamma. Yaron da ya gane haka ta hanyar ƙaramin jirginsa ya riga ya ci rabin darasin labarin ƙasa na zangon nan.

Kada kuma wani ya ce sassaƙa jirgi ba gadonmu ba ne. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani itace a ƙarƙashin ƙasa. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon sama da mita 8, wanda aka auna shekarunsa kimanin 8,000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka.

To, yaya ake sa ƙaramin zane ya faɗi gaskiya? Bayan abin da ya faru mun zauna da ɗalibai mun sake aikin, ga abin da muka koya.

Na ɗaya, kafin a taɓa almakashi, a yanke shawarar inda iska take fitowa, a zana kibiya a kan katakon da jirgin zai zauna. Kowane zane, da tuta, da igiyar da ta yi sako-sako, dole su bi kibiyar nan. In iska daga gefe take, jirgin ma ya ɗan karkata zuwa ɗaya gefen.

Na biyu, a kula da ma'auni. In jirgin gaske mita 20 ne, namu kuma santimita 40, to kowane abu an rage shi sau 50 ke nan. Zaren ɗinki mai kaurin rabin milimita ya zama igiya mai kaurin santimita 2 da rabi. Ɗinki ɗaya na allura mai tsawon milimita 3 ya zama santimita 15, kusan taƙi guda. Wane maɗinki ne zai yi irin wannan ɗinki? Shi ya sa muke neman ƙyalle mafi laushi da sirantaka, irin tsohon hankici da ya sha wanki, mu kuma zana layukan ɗinki da fensir mai tsini maimakon allura. Farin ƙyalle fat ba ya kama da zanen da ya sha rana da gishirin teku, sai a tsoma shi a ruwan shayi marar ƙarfi ya ɗan yi ja.

Na uku, kumburi. A naɗe siririyar wayar tagulla, irin ta cikin tsohuwar fanka, a cikin kalmasar gefen zanen. A jiƙa ƙaro a ruwa, ko a dama sitaci, ko a tsinka farin gam na kafinta da ruwa, a tsoma ƙyallen a matse shi kaɗan. A kifa ƙwarya ko ludayi, a rufe da leda don kada ya manne, a shimfiɗa ƙyallen a bayanta, a ja kusurwoyinsa da zare su yi tsam. A bar shi ya bushe a inuwa. A nan ne yawancin ɗalibai suke kuskure, sukan yi kumburin kamar tulu, daidai tsakiya. Zane mai kusurwa uku da iska ta cika, zurfinsa ya fi yawa kusa da gefen gaba, wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa, daga nan ya miƙe a hankali zuwa baya. Wanda yake shakka ya sa abokansa biyu su riƙe zanen gado a filin wasa ranar da hunturu ke kaɗawa. Gani ya kori ji.

Da muka gama, sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, mu sa shi a ruwa mu gani." Muka cika babban baho, muka sa jirgin, muka yi masa fifita da murfin kwali. Nan take ya kife. Wannan ma lissafi ne. In ka rage tsawon abu sau 10, faɗin zanensa ya ragu sau 100, amma nauyinsa ya ragu sau 1,000. Ke nan ƙaramin jirgi yana ɗauke da zanen da ya fi ƙarfin nauyinsa. Maganinsa a sa ƙusoshi ko tsakuwa a can ƙasan cikinsa. Muka sa, ya tsaya daram. Muka kwashe tsakuwar nan muka ɗora a sama, ya fara tangaɗi. Muka yi ta ƙara masa kaya har bakinsa ya kusa daidai da ruwa, sa'an nan wani ya taɓa bahon da ƙafa. Igiyar ruwa da ba ta kai kaurin yatsa ba ta shiga ciki, jirgin ya nutse.

Ajin ya yi tsit, kuma mun san dalili. A ranar Lahadi 17 ga Agusta, 2025, wani jirgi ɗauke da mutum sama da 50 masu zuwa kasuwar Goronyo ya kife, rahoton farko na hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ya ce fiye da 40 sun ɓace. A Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a irin wannan hatsari a Ƙaramar Hukumar Shagari, yawancinsu yara da matasa. Kusan duk lokacin da aka yi irin wannan rashi a ƙasar nan, yawan lodi da rashin rigar kariya suna cikin abubuwan da ake ambata. Muna addu'a Ubangiji ya ta'azantar da iyalan da abin ya shafa.

Ba mu ce jirgin kara zai hana hatsari ba. Mutanen ƙauyukanmu suna cika jirgi ne don jiragen sun yi kaɗan, gadoji ba su wadata ba, wasu hanyoyin kuma tsoron 'yan bindiga ya hana bin su. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma. Abin da muka ce shi ne, yarinyar da ta ga jirginta ya nutse a baho ta san ma'anar tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa, ta san abin da ke faruwa in fasinjoji suka miƙe tsaye ko suka ruga gefe ɗaya. Wata rana ita ce za ta ce wa mahaifiyarta, "Inna, mu jira na gaba." Wata rana kuma cikin yaran nan wani zai zama kansila, ko injiniya, ko jami'in da ke tsaye a mashaya yana ƙirga fasinja.

Mun san abin da wasu iyaye da ma wasu abokan aikinmu suke cewa: jarrabawar fita ba ta tambayar jirgin kara, gara a ba yara ƙarin darasin Turanci da lissafi. Damuwarsu tana da tushe, domin kuɗin makaranta da gumi ake samo shi, kuma takardar sakamako ce ake dubawa a ƙofar jami'a. Amma ku dubi abin da aka yi a sama. An yi rabo da ninkawa, an yi faɗi da girma, an yi iskokin shekara, an yi dokar nauyi da iyo. Duk suna cikin manhaja. Bambancin kawai, wannan karon yaro ya riƙe su a hannunsa, abin da hannu ya riƙe kuwa yana da wuyar mantawa.

Ƙasar nan ta taɓa gane haka. Da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sa koyon fasaha a ƙaramar sakandare, aka sayo injuna daga ƙasashen waje. A makarantu da yawa injunan nan sun tsufa cikin akwatunansu saboda rashin wutar lantarki da malaman da za su yi aiki da su. Daga baya kuma wata mummunar al'ada ta shigo wasu makarantu, inda yaro zai kawo tsintsiyar kasuwa ko kuɗi a rubuta masa makin aikin hannu. Wanda aka ba maki a kan abin da bai yi ba, an koya masa cewa ana sayen sakamako. In ya girma ya sa hannu a takardar cewa an gama gadar da ba a gama ba, kada mu yi mamaki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna da roƙo guda uku. Ga hukumar makaranta, a ba aikin hannu darasi biyu a jere kowane mako, kada a riƙa cinye shi duk lokacin da jarrabawa ta matso. Kara da ƙaro da ƙwarya ba sa bukatar janareta. Ga iyaye da 'yan ikkilisiya, musamman kafintoci da teloli da maƙera da ke cikinmu, ku ba mu yini ɗaya a zango ku zo ku duba aikin yara, ku faɗi kuskure yadda dattijon nan ya faɗa, ba tare da jin nauyinmu ba. Ga ku ɗalibai kuma, in kun je hutu, ku tafi bakin gulbi tare da wani babba, ku gai da matuƙa, ku tambaye su da wane itace aka sassaƙa jirginsu, mutum nawa yake ɗauka da rani, nawa da damina. Ku auna tsawonsa da faɗinsa ku rubuta. Baɗi muna so mu ga kwale-kwalen Rima a kan teburin nan, an rage shi bisa ma'auni, kusa da jirgin Nilu da na Zanzibar.

Yaron da aka yi wa dariya ya sake jirginsa cikin mako biyu. Yana nan a ofishin malamai, da kibiya a zane a katakonsa, tutarsa tana duban gaba. Mun aika wa dattijon ya zo ya sake dubawa, kuma ba za mu rubuta maki ba sai ya gani.