Tsarin Bature da Ake Kewa: Raddi Daga Unguwar New Bell

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wannan ne uzurin da za a iya yi wa dattijon da ya tsallake kwata a unguwar Hausawa ta New Bell, cikin birnin Duwala, ya girgiza kai ya ce, "Zamanin Bature akwai tsari." Ba za a yi wa ɗalibin tarihi wannan uzuri ba idan ya kwashe maganar ya zuba a takardar jarrabawa, ballantana malamin da ya karanta ya ba shi maki. Maganar ta yaɗu daga Duwala har Kano da Maraɗi: wai Turawa sun yi zalunci a siyasa, amma ofisoshinsu na da gaskiya, ma'aikatansu na da ƙa'ida, takardunsu ba sa ƙarya. Wannan ganin kitse ne ake yi wa rogo. Tsari kam an yi shi, har ya yi yawa. Abin tambaya shi ne wa aka yi wa tsarin, kuma wa aka yi shi a kansa. Tarihin New Bell ya isa amsa.

Unguwar da kanta a ofis aka haife ta. A watan Yulin 1884 sarakunan ƙabilar Duwala, cikinsu da Sarki Bell da Sarki Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya da kamfanonin Jamus, suka miƙa mulki bisa sharaɗin cewa filayen garuruwansu da gonakinsu za su ci gaba da zama nasu. Zuwa 1910 sai hukumar gundumar Duwala, ƙarƙashin Hermann Röhm, ta fito da shirin kwashe baƙar fata daga bakin kogin Wuri, a bar wa Turawa tudun Joss da wuraren da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Hujjar da aka kafa ta likitanci ce: wai zama kusa da 'yan ƙasa ne ke jawo wa Bature zazzaɓin cizon sauro. Aka zana fili mai faɗin kilomita 1 wanda ba mai gini a cikinsa, ya raba unguwannin biyu, aka shata sababbin matsugunai a bayansa da sunayen Neu-Bell da Neu-Akwa da Neu-Deido. A watan Janairun 1913 aka zartar da dokar ƙwace hekta 903, aka yanka diyyar fenik 40 kan kowace murabba'in mita. Kuku da boyi da mai wanki kuwa suka ci gaba da yini a gidajen Turawa, sauro bai hana ba.

Masu kewar ƙa'idar Bature su dubi abin da ya sami wanda ya bi ƙa'idar sau da ƙafa. Rudolf Duala Manga Bell ya yi karatu a Aalen da Ulm, ya san dokar Jamus, ya kuma yarda da ita. Ya rubuta koke-koke, ya nemi lauyoyi, ya kafa hujja da yarjejeniyar 1884. Wayar tangaraho da mutanensa suka buga wa majalisar dokokin Jamus, hukuma ta danne ta na 'yan kwanaki har dokar ƙwacen ta fita. Aka tuɓe shi daga sarauta a 1913. Sakatarensa Ngoso Din ya sulale zuwa Jamus don kai ƙara, aka kama shi aka dawo da shi. Ranar 8 ga Agustan 1914 aka rataye su biyun bisa tuhumar cin amanar ƙasa. A duk wannan ba wani mataki da ba shi da takarda: rahoton likita, taswirar mai awon fili, kasafin kuɗi, hukuncin kotu. Wanda ya ce takardun Bature ba sa ƙarya bai lura cewa takardun ne suka yi ƙwacen ba.

Sojojin Ingila da Faransa suka karɓi Duwala a watan Satumban 1914, kuma daga 1916 birnin ya koma hannun Faransa, wadda daga baya ta riƙe shi a matsayin amana daga Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani. Faransawa sun la'anci zaluncin Jamus a baki, suka riƙe filin Joss a aikace. Mutanen gidan Bell suka ƙi zama a New Bell, suka tare a Bali. Sai unguwar da aka yi domin korarru ta cika da masu neman abinci: Bamileke, Basa, Ewondo, mutanen Dahome da Togo da Saliyo da Legas, da kuma Hausawa, waɗanda tun zamanin Jamus suke gangarowa kudu ta Adamawa da Banyo da Tibati da Yoko, suna fataucin goro da hauren giwa da roba da tufafi, wasu kuma da sana'ar fawa. Hukuma ta haɗa su duka a kalma ɗaya, ta kira su baƙi. Ɗan Basa da garinsu bai wuce tafiyar yini a jirgin ƙasa ba, baƙo ne. Bahaushen da aka yanka wa ragon suna a New Bell, shi ma baƙo ne.

Me hukuma take yi da baƙon nan daga safe zuwa yamma? Da farko tana ƙirga shi, domin harajin kai, wanda Hausawan Nijar ke kira lanho. Rasit ɗin haraji shi ne shaidar cewa mutum ya halatta ya taka titi. Na biyu tana taƙaita tafiyarsa: ba ya fita daga gunduma zuwa wata sai da takardar izini daga ofis. Ga manomi wannan takura ce, ga Bahaushe bafatake kuwa yanke hanyar abinci ne, domin jarinsa tafiya ce. Na uku tana hukunta shi ba tare da alƙali ba. Dokar da Faransawa ke kira indigénat, wadda suka fara gwadawa a Aljeriya, aka daidaita ta ga Kamaru a 1924, ta ba kumandan ikon ɗaure ɗan ƙasa har kwana 15 da cin tararsa har faran 100 kan laifuffuka irin su jinkirin haraji ko rashin ladabi ga jami'i. Mai ƙara shi ne mai hukunci. Bature ɗan kasuwa da ke maƙwabtaka da ofishin kuwa dokar ba ta hawa kansa. Na huɗu tana ɗiban sa aikin tilas; da irin wannan aiki aka ƙarasa layin dogo daga Njock zuwa Yawunde, wanda ya isa a 1927, bayan ya ci rayukan lebura masu yawa. Irin wannan takarda ce 'yan Kenya suka rataya a wuya da sunan kipande, ita ce kuma baƙaƙen Afirka ta Kudu suka ƙona a bainar jama'a. Duk inda Bature ya zo zama da iyali da jari, ofis yakan zama mai gadin ƙofarsa.

A gefe guda kuma, a lissafa abin da hukumar ba ta yi ba. Shekaru da dama New Bell ta zauna ba magudanan ruwa, ba tituna na kirki, ba isasshen ruwan famfo, a garin da ruwan sama ke sauka kamar da bakin ƙwarya. Mafi muni shi ne batun fili. Gidan Bell na cewa ƙasar tasu ce, hukuma na riƙe da ƙwacen da ta gada daga Jamus, mazauna kuwa ba su da takardar mallaka. Wanda bai san ranar da za a tashe shi ba ba ya gini da siminti. Sai katako da tabarmar rufi. Daga nan sai jami'in da ya hana shi takarda ya rubuta a rahoto cewa mutanen New Bell ƙazamai ne, ba su san gini ba. Cunkoson da ake gani yau a Nkololoun da Kassalafam da unguwar Hausawa ba daga sama ya faɗo ba.

Za a ce ai an gina tashar jiragen ruwa, an shimfiɗa dogo, an ɗora gada a kan Wuri a tsakiyar shekarun 1950, an buɗe asibitoci. Gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai a dubi jerin gwanon. Asibitin Turawa na Bonanjo tun 1896 aka gina shi. Babban asibitin 'yan ƙasa, wanda ake kira Laquintinie a yau, sai 1931. Dogo da tasha an yi su ne domin koko da ayaba da katako su isa jirgi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma wata hujja da ta fi yi wa Bahaushe daɗin ji: wai Turawa sun girmama Hausawa, sun bar su da masallacinsu da limaminsu da sarkinsu. A nan ma sai an yi hattara. Zango ya girmi Bature. A tsohon tsarin fatauci, sarkin zango da masu masauki 'yan kasuwa ne ke ɗaga su, saboda amana da iya sulhu da sanin hanya. Abin da ofis ya yi shi ne ya ɗauki wannan rawani ya ɗaura masa igiya. Kowace ƙungiyar baƙi aka naɗa mata shugaba, aikinsa ya tara haraji, ya kawo lebura, ya kai rahoton sabuwar fuska. Idan ya matsa, jama'a su tsane shi. Idan ya sassauta, a tuɓe shi. Kalmar Haoussa kanta a bakin hukuma da mutanen kudu ta zama buhun da ake zuba duk Musulmin da ya sa riga da hula: Bafillace, Babarbare, Banufe, Shuwa. An rarraba unguwa ɗaya zuwa New Bell ta Bamileke, New Bell ta Basa, New Bell ta Hausawa, kowa da rajistarsa da mai unguwarsa, alhali kasuwa ɗaya suke ci, kwata ɗaya suke tsallakewa.

Ranar da aka gwada adalcin wannan hukuma ta zo a watan Satumban 1945. A farkon watan Turawa 'yan kama-wuri-zauna, waɗanda suka kafa ƙungiyar ASCOCAM, suka yi babban taro a Duwala don ƙin sauye-sauyen da aka yi alkawari a taron Barazabil na 1944. Bayan makonni kaɗan ma'aikatan jirgin ƙasa na Bonaberi suka shiga yajin aiki kan albashi, talakawan New Bell suka fito titi. Ranar 24 ga wata da washegari Turawa farar hula suka ɗauki bindigogi suka yi ta harbin baƙar fata a tituna, har da jirgin sama. Gwamna Nicolas bai iya tsawata musu ba. Su ne ma suka juya shi. Adadin da hukuma ta amsa bai kai mutum 10 ba, masu bincike kuwa sun nuna ya zarce haka nesa ba kusa ba. Ofishin da ke ɗaure mai tallar nama kwana 15 kan rasit ya rasa ƙarfin karɓe bindiga daga hannun Bature. Ko bayan an soke indigénat da aikin tilas a 1946, majalisar wakilan da aka kafa ta ware kujeru 16 ga 'yan dubban masu takardar ɗan ƙasar Faransa, kujeru 24 ga 'yan Kamaru kusan miliyan 3. Jam'iyyar UPC, wadda aka kafa a Duwala ranar 10 ga Afrilun 1948, ta sami gindin zama a New Bell; a tarzomar Mayun 1955 hedikwatarta da ke unguwar ta ƙone, ranar 13 ga Yuli kuma aka haramta ta.

Rabon unguwa bisa ƙabila ya yi 'ya'yansa bayan an sauke tutar Faransa ranar 1 ga Janairun 1960. Ranar 24 ga Afrilun shekarar gobara ta cinye unguwar Kongo, inda magoya bayan UPC suka yi yawa, ana cikin zaman ɗar-ɗar tsakanin mazaunanta da maƙwabtansu Musulmi. Dubban mutane suka rasa matsuguni. Har yau ana jayayya kan wanda ya kunna wutar: wasu riwayoyi na ɗora wa jami'an tsaro, wasu na ambaton Hausawa. Ɗalibi Bahaushe ba shi da ikon tsallake wannan shafi don ya yi masa ɗaci. Maƙwabtan da aka shekara 40 ana rubuta su a littattafai daban-daban, ana yaba wa wani da biyayya ana zargin wani da tawaye, ba abin mamaki ba ne idan rana ɗaya suka dubi juna a matsayin abokan gaba.

Laifi tudu ne. A shekarar da aka ƙwace filayen Duwala, 1913, a shekarar ce aka shata Sabon Gari a Kano domin baƙi 'yan kudu. Dokar birane ta Lugard ta 1917 ta tanadi filin yadi 440 tsakanin barikin Turawa da gidajen 'yan ƙasa, da hujjar sauro iri ɗaya. A Duwala Bahaushe ne aka rubuta baƙo, a Kano shi aka rubuta ɗan gida. Kuma rajistar ba ta mutu ba. Kundin tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya tanadi cewa shugaban majalisar yanki sai ɗan asalin yankin, kuma a shekarar ne 'yan ƙabilun Sawa suka yi maci a Duwala don ƙin magadan gari da suke kira baƙi. A Nijeriya takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma na yanke wa yaro makaranta da aikin gwamnati. Bahaushen Jos ya san zafinta. Wanda ya ji haushin a kira jikan mahaucin New Bell baƙo, sai ya shirya amsa game da jikan Inyamurin da aka haifa a Sabon Gari.

Sukar gwamnatocin yau halal ce, kuma dalilanta sun yi yawa. Amma mai sukar da ya ɗauki ofishin kumandan ya mai da shi ma'auni ya zaɓi gurguwar mudu. Babban laifin da za a kama masu mulkin bayan 'yanci da shi a New Bell shi ne sun gaji injin suka ci gaba da juya shi: shingen hanya da tambayar takarda, sarautar da ke amsa wa ofis kafin jama'a, fili ba shaidar mallaka, ɗan unguwa da sunan baƙo. Ɗalibin da ya shiga ɗakin adana takardun tarihi a Yawunde ko Kaduna zai tarar da rahotanni masu kyan rubutu, lambobi a jere, sa hannu da hatimi. Kafin ya yaba, ya tambayi kowace takarda abu uku: wa ya rubuta ta, wa ya biya kuɗin tawadar, kuma wa ya kwana a kurkukun New Bell saboda ba ya ɗauke da ita.