Dusa kaɗai ba ta raya 'yan tsaki

A gidaje da dama, kaza kan ƙyanƙyashe 'yan tsaki 10, kafin wata ya zagayo saura 3, sai a ce ƙaddara. Galibi sakaci ne. Ɗan tsako na buƙatar ɗumi da abinci mai gina jiki, dusa kuwa cika ciki kawai take yi. Mutanen da sun san haka, shi ya sa suke haƙo musu gara.

Kamata ya yi a killace su a akurki makonni 4 na farko, nesa da shirwa da sanyin hunturu, ana sauya musu ruwa kullum. Maƙwabta su haɗa kuɗi su sayi rigakafin Lasota na cutar Newcastle. Kwalba ɗaya ta ishi unguwa, kuma kuɗinta bai kai na kaza guda ba.