Ra'ayinmu: Taswirar da Ba ta Iso Bangon Makaranta Ba



A watan Afrilu na 2022 kwale-kwale ya kife a ruwan Shagari, kusa da Gidan Magana, mutum 29 suka riga mu gidan gaskiya. Shekara guda bayan haka, a watan Mayu na 2023, aka yi jana'izar yara 15 a Dandeji, waɗanda suka shiga jirgi za su haye neman itacen girki. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya ba iyayensu haƙuri. Mu da muke riƙe da rajista mun san nauyin irin wannan rashi, domin mu ne muke kiran suna da safe a ji shiru. Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta ɗauke wa kowa wajibcin bin sababi ba, kuma a kan sababin muke son magana kafin ruwan bana ya sauka.

Duk lokacin da irin wannan masifa ta auku, abubuwan da ake ambata sanannu ne: lodin da ya wuce ƙima, tsufan jirage, rashin rigar kariya, da iskar da ke tasowa ba zato. Dukkansu gaskiya ne. Sai dai akwai wani giɓi da ba a cika ambatonsa ba, wato rashin rubutaccen sani game da ruwan kansa. Ina gaɓa take tsayawa a watan Agusta, ina take komawa a watan Afrilu? Wane wuri ne mai zurfi, wane wuri ne laka ta cike, ina kututturan itatuwa suke kwance a ƙarƙashi? Garuruwa nawa ne 'ya'yansu ke ƙetare ruwa kafin su isa aji, ko gona, ko dajin itace? Wane ne a cikinmu ya taɓa ganin amsar waɗannan tambayoyi a kan takarda guda, manne a bangon makaranta ko a bakin mashigi?

Da can ana iya cewa wannan aiki ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Yau uzurin ya ragu ƙwarai. Tun 2008 Amurka ta buɗe hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat kyauta ga kowa. Tarayyar Turai ma tana bayar da hotunan Sentinel-2 ba tare da ko kwabo ba, kuma taurarinta suna sake ɗaukar wuri guda kusan duk kwana 5, kowane ɗigo a hoton yana wakiltar mita 10 a ƙasa. Ruwa yana shanye wani nau'in haske da idon mutum ba ya gani, don haka sai ya fito baƙi ƙirin a irin waɗannan hotuna, gaɓarsa ta bayyana sarai. Wanda ya jera hotunan damina da na rani na shekaru da dama zai iya zana iyakar da ruwa ya saba kaiwa, da iyakar da ya taɓa kaiwa a shekarar ambaliya.

Zurfin ruwa kuwa da sauti ake auna shi. Ana ɗaura na'ura a jikin jirgi ta aika ƙara zuwa ƙasan ruwa, ta ƙidaya lokacin da amsa-kuwwar ta ɗauka kafin ta dawo. Da yake sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwa, lissafin zurfin bai wuce abin da ɗalibin ƙaramar sakandare zai yi a allo ba. Da wannan dabara ake auna ƙasan teku. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin Seabed 2030 a shekarar 2017, kashi 6 cikin ɗari kawai na ƙasan tekunan duniya aka auna da kyau. Zuwa 2024 an kai kashi 26, kuma sakamakon a buɗe yake ga mai so. A nan gida, rundunar sojan ruwa ta karɓi jirgin safiyo mai suna NNS Lana a 2021 domin auna ruwayen gaɓar Najeriya. Ƙasar da ke auna teku ba za a ce tafkin madatsar Shagari ya gagare ta ba. Amfanin awon ma bai tsaya ga 'yan fito ba, domin shi ne zai nuna yawan lakar da ta taru a gindin madatsa, manoman rani su san ruwan da ya rage musu.

Mun riga mun ga aikin taswira da idonmu a yaƙin da aka yi da cutar shan-inna. Shekaru aka kwashe ana zagayen rigakafi, ana tsallake ƙauyuka da rugage saboda babu su a zanen hannu da ma'aikata ke bi. Da aka koma ga hotunan tauraron ɗan'adam aka sa kowane matsuguni a taswira, sai giɓin ya fito fili, aka toshe shi, har aka tabbatar da kawar da nau'in cutar na daji daga Afirka a watan Agusta na 2020. Daga wannan aiki ne shirin GRID3 ya samo tushe, wanda yau yake wallafa bayanan matsugunai da makarantu da asibitoci da iyakokin mazaɓu na Najeriya a intanet. Garin da ba ya cikin taswira ba ya shiga lissafin mai rabo, ko rabon allura ne, ko na aji, ko na malami. Kuma da yake rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, irin waɗannan bayanai su ne mafi kusa da gaskiya a hannun masu tsara kasafi.

Wannan batu ya shafi aikinmu kai tsaye. Idan za a tura malami wata makaranta, mai sa hannu a takarda yana ganin suna ne kawai, ba ya ganin gulbin da ke tsakani, ko hanyar da ke yankewa daga Yuli zuwa Satumba. Idan za a gina sabon aji, rashin sanin magudanar ruwa kan sa a dasa shi a kwari, bayan damina biyu bango ya tsage. Mutanen Sakkwato ba su manta da ambaliyar Satumban 2010 ba, wadda ta biyo kwarin Rima daga Goronyo har ta cinye gadar da ke kaiwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, tana ambata jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Hedimasta kuwa abin da yake buƙatar sani shi ne ko ruwan zai taɓa harabarsa, da hanyar da yaransa za su bi idan ya taɓa. Haka kuma garuruwan da ke kan titin Sakkwato zuwa Tambuwal, irin su Bodinga da Shagari, suna ta faɗaɗa, kuma filin makarantar da ba a yi masa safiyo aka ba shi takarda ba, taku-taku ake cinye shi.

Akwai masu ja da wannan kira, kuma hujjarsu abar saurare ce. Wasu na cewa a wannan zamani na 'yan bindiga, bayyana inda makarantu suke tamkar nuna wa ɓarawo ƙofa ne. Amsarmu ita ce, ɓarawon daji ba ya jiran intanet kafin ya san hanyar gari. Wanda rashin taswira ke ɓatarwa shi ne mai kawo agaji daga nesa. Duk da haka mun yarda a ja layi: zurfin ruwa da iyakar ambaliya da mashigai a buɗe su ga kowa, amma sunayen ɗalibai da gidajen malamai da tsarin ɗakunan kwana su tsaya a ofis. Wasu kuma na cewa taswira ba ta hana mai jirgi yin lodi. Haka ne. Amma ita ce za ta gaya wa hukuma mashigin da ya fi buƙatar rigunan kariya da mai sa ido, da wurin da gada ko sabuwar makaranta za ta raba yara da hawa ruwa gaba ɗaya. Masu cewa Sarkin Ruwa da masunta sun san ruwansu ciki da bai, su ma sun faɗi gaskiya, shi ya sa muke son a zauna da su a rubuta abin da suka sani, kada ya bi su kabari.

Ba baƙon ilimi muke nema a shigo mana da shi ba. A 1824, lokacin da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, daga fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya samu taswirar ƙasashen nan da kogunansu, aka buga ta a Landan cikin 1826. Ɗan garin nan, marigayi Alhaji Shehu Shagari, malamin makaranta ne a Sakkwato da Argungu tun kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, kuma Waƙar Nijeriya da ya tsara darasin labarin ƙasa ce cikin harshen da yara ke ji. Jikokin waɗannan mutane bai kamata su tashi ba su san fasalin ruwan da ke bayan gidansu ba.

Saboda haka wannan reshe yana kira ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima tare da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, da su fito da awon zurfin tafkin Shagari idan yana hannunsu, su sabunta shi, su buga shi da Hausa, da boko da ajami, a kafa a kowane mashigi. Muna kira ga hukumar SOGIS ta jiha da ta sa filayen makarantun karkara cikin aikinta, a auna su a ba su takardu. Muna kira ga hukumar SUBEB da ofishin Sakataren Ilimi da su haɗa ƙidayar makarantu ta shekara-shekara da taswira, a riƙa duba ta kafin a tura malami ko a aza tubali. Bayanin da aka tara da kuɗin jama'a haƙƙin jama'a ne, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba mu damar nemansa a rubuce.

Namu aikin kuma ba sai mun jira kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna roƙon kowane hedimasta ya zauna da kwamitin makarantarsa da iyaye, su rubuta garuruwan da ɗalibai ke fitowa, da adadin masu ƙetare ruwa, da watannin da hanya ke yankewa, ba tare da sunan yaro ko ɗaya ba. Mai babbar waya ya ɗauki lambobin wurin da makarantar take, ya duba ko ta fito daidai a taswirar GRID3. Malaman lissafi da na nazarin zamantakewa su fita da manyan ɗalibai su zana garinsu da gaɓarsa, a rataye zanen a aji. A kawo duk abin da aka tara sakatariyar reshe kafin taronmu na gaba, domin da shi za mu je gaban hukumomin da muka ambata.

Allah Ya kiyaye mana 'ya'yanmu a tudu da ruwa, Ya sa damina ta zo da albarka.