A bar umarni yadda yake, a yi bayaninsa da Hausa

Matashin da iyayensa suka fito daga Zangon Wagadugu yakan tashi da harsuna uku: Hausa a gida, Mosanci a kasuwa, Faransanci a makaranta. Tun da aka rushe tsohuwar unguwar Zangwetin a 2003 a ƙarƙashin shirin ZACA, iyalai suka watsu, Hausar ta rasa dandalin da ke tara masu ita. Idan irin wannan matashi ya zauna koyon layin umarni, wato wurin da ake rubuta wa kwamfuta abin da za ta yi ba tare da danna hotuna ba, sai ya tarar da harshe na huɗu: guntayen kalmomin Ingilishi irin su ls da cp da rm, gadon tsarin Unix da aka fara a Amurka a 1969. Abin da zai fi taimakonsa shi ne takardar tuni mai shafi ɗaya, kuma da Hausa ya kamata a rubuta ta.

Su umarnin ba a taɓa su, domin na'ura ba ta san wani suna ba. Bayanin ne aikin Hausa, kuma a nan ɗalibin harshe yake da abin koyo, tun da kowane umarni aikatau ne a sigar umarni. ls shi ne "jera", cd "shiga", mkdir "buɗe sabuwar folda". cp "kwafa" ne, asali yana nan. Mv kuwa "ɗauke ka kai", ba ya barin komai a baya. Wanda ya fassara su biyun da "kai" kaɗai ya ɓatar da mai karatu. rm ya fi su haɗari: "share" bai isa ba, sai an ce "share har abada", domin abin da ya goge ba ya zuwa kwandon shara.

Akwai kuma tarkon da takardar Faransanci ko ta Ingilishi ba za ta ambata ba. A rubutun Najeriya ana rubuta 'yan da alamar ɗauri a gaba, a na Nijar kuwa ƴan. Layin umarni yana ɗaukar wannan alama a matsayin farkon zance, don haka sunan fayil da ya fara da ita yakan sa na'ura ta tsaya tana jiran a rufe. Haka nan grep, mai neman kalma a cikin rubutu, ba zai kawo ƙasa ba idan kasa aka nema, domin k da ƙ haruffa biyu ne a wurinsa, kamar yadda suke a bakin Bahaushe.

Masu suka suna cewa irin wannan takarda hadda ce babu fahimta. Suna da gaskiya idan aka cika ta da umarni ɗari. Amma Zango ya san hikimar makarantar allo: a rubuta kaɗan, a biya, a wanke, a ƙara. Umarni goma, kowanne da aikatau ɗaya madaidaici da misali ɗaya, sun isa makon farko. Ta fi amfani idan ɗalibin ne ya rubuta ta da hannunsa, domin sai ya gane aikin umarni kafin ya iya zaɓar masa kalma.