Sharhi: Rigimar Haƙƙin Mallaka Kan Zanen Da Na'ura Ke Karantawa

Masu karatu sun saba ganin 'yan layukan nan baƙi da fari a bayan kwalin magani ko gwangwanin madara. A manyan masana'antu ana buga irin wannan zane a jikin sassan mota, domin mutum-mutumin da ke haɗa kaya ya duba da kyamara ya gane ƙarfen da ke gabansa. To, a kan wannan fasaha an sha doguwar shari'a a Amurka.

Wani mai ƙirƙira, Jerome Lemelson, ya nemi rajistar haƙƙin mallaka a 1954 da 1956 kan na'urar duba kaya da kyamara. A dokar wancan zamani, haƙƙin na shekara 17 ne daga ranar amincewa, kuma takardar neman tana ɓoye har ranar. Sai ya yi ta sabunta buƙatarsa yana yi mata ƙari, har masana'antu suka rungumi fasahar, sannan lauyoyinsa suka fito karɓar kuɗi.

Abin lura shi ne waɗanda suka bi. Sun ƙyale masu ƙera na'urorin, suka tasa masu saye a gaba: kamfanonin motoci, na kayan lantarki da manyan kantuna. Mai saye kuwa bai san cikin na'ura ba balle ya kare ta a kotu, biya ya fi masa sauƙi. Ta haka aka tara fiye da dala biliyan 1. Magoya bayansa dai na cewa mutum ne mai rajistar ƙirƙira sama da 600, wanda manyan kamfanoni suka so su ci guminsa. A ganinmu wannan bai wanke jinkirin ba.

Bayan rasuwarsa a 1997, masu ƙera na'urorin, Cognex da Symbol, suka kai ƙara da kansu. A Janairun 2004 alƙali Philip Pro na jihar Nevada ya hana aiki da rajista 14, saboda jinkirin shekara 18 zuwa 39, ya kuma ce bayanin da ke ciki bai isa a ƙera na'urar ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da batun jinkirin a 2005, amma ɗaruruwan kamfanoni sun riga sun biya. Ita dokar tun 1995 aka gyara ta, lissafi ya koma shekara 20 daga ranar nema.

A Japan kuwa, kamfanin Denso ya ƙirƙiro zanen QR a 1994 don bin sawun sassan mota. Ya yi masa rajista, amma ya bar kowa ya yi amfani da shi kyauta.