Amarci a Otel na Gonar Inabi

Wani ɗalibinmu mazaunin Faransa ya tambaye ni hukuncin kai amaryarsa otel cikin gonakin inabi na yankin Bordo. Niyyarsa kyakkyawa ce, domin faranta ran iyali ibada ne. Inabi halal ne, kallon gonarsa ma babu laifi.

Sai dai da yawa daga waɗannan masaukai kuɗin ɗakinsu ya ƙunshi zagayen rumbun giya da ɗanɗanonta, wani lokaci har kwalba ake ajiye wa baƙo a ɗaki. Annabi (SAW) kuwa ya hana zama a teburin da ake shan giya.

Na ce masa ya kama hayar ɗan gida a ƙauyen kusa, su dafa abincinsu, su fita yawo da hantsi a watan Satumba, lokacin tsinkar inabi.