'Yan jami'a, kada ku guji ƙididdiga

Yayana yana jami'a a Kumasi. Ya ce abokansa da yawa suna gudun darasin ƙididdiga, wai na masu lissafi ne. Ni ban yarda ba. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Gana sun kai miliyan 30.8, kuma irin waɗannan alƙaluma gwamnati ke dubawa kafin ta gina makaranta ko asibiti. Idan 'ya'yan Zango masu digiri ba su iya karanta su ba, wa zai nuna wa hukuma cewa famfo ɗaya ya yi wa unguwarmu kaɗan? Kuka da baki ba hujja ba ne. Iyayenmu, ku ƙarfafa musu gwiwa. Mu ƙanana kuma, mu riƙe lissafi tun yanzu.